Sauya Ma'aunin Iskar Tsohuwar Porsche 944 Zuwa Na Zamani: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk wanda ya riƙe tsohuwar motar gudu ta shekarun 1980, ba ya daɗewa zai ji ana ba shi shawara ya cire ma'aunin iskar da ta zo da shi ya sa na zamani. Shawarar tana da tushe, amma sau da yawa rabinta ake faɗa. Na ɗauki Porsche 944 a matsayin misali domin a kanta aka fi yin wannan aiki, sai dai yawancin abin da ke ƙasa ya shafi 'yan'uwanta na wancan zamani da ke aiki da kayan Bosch.

Mene ne aikin ma'aunin iska a cikin inji?

Injin fetur ba ya cin mai shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya nasa yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. A motar da ke da kafireto, zuƙar iska ce ke jan mai da kanta. A motar da ke da nozul kuwa, kwamfutar inji ce ke yanke tsawon lokacin da kowane nozul zai buɗe, kuma ba za ta iya yanke hukunci ba sai ta san yawan iskar da ta shiga. Ma'aunin iska, wanda makanikai ke kira eyafulo, shi ne mai kai mata wannan labari. A 944 kwamfutar ita ce Bosch Motronic, Porsche kuma tana kiranta DME. Ita ce ke kula da mai da kuma lokacin da filogi zai ba da wuta.

Yaya tsohon yake aiki?

Idan ka buɗe bonet, za ka gan shi manne da akwatin matatar iska: ƙarfen alminiyam ne mai baƙin murfin roba a sama. A cikinsa akwai ɗan ƙyaure da sifirin ke riƙewa a rufe. Inji na zuƙar iska, iskar na tura ƙyauren, yana buɗewa gwargwadon yawanta. A ƙarƙashin baƙin murfin nan akwai ɗan hannun ƙarfe da ke haɗe da ƙyauren, bakinsa na goga wani lanƙwasasshen layi na baƙin gawayi. Inda bakin ya tsaya a kan layin, shi ke nuna ƙarfin lantarkin da zai koma wa kwamfuta. Akwai kuma ƙyaure na biyu a wani lungu, aikinsa ya hana na farkon kaɗawa, da ɗan sensa mai auna zafin iska, da sukurun da ake saita hayaƙi da shi a lokacin silo, wato idan inji na aiki ba a taka totur ba.

Bosch ta fito da wannan tsari ne da L-Jetronic a farkon shekarun 1970, ta ci gaba da shi a Motronic da ya fara bayyana a BMW a 1979. Ana kiran wannan ma'auni mai ƙyaure AFM. Dukkan 944, daga ta 1982 har S2 mai lita 3 da aka rufe da ita a 1991, da shi suka fito. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ban yarda da masu raina ta ba. Na'urar da ta yi shekara 35 ko 40 tana aiki a kusa da zafin inji ta cancanci girmamawa.

Na zamanin fa?

Shi ba shi da wani abu mai motsi. Siririyar waya ce ta filatinam, ko kuma wani ɗan falle mai rufin ƙarfe, da ake ɗumamawa da lantarki a tsakiyar hanyar iska. Iska na wucewa tana sanyaya shi, na'urar na ƙara masa wuta don zafinsa ya tsaya inda yake. Yawan wutar da aka ƙara shi ne awon iskar. Wannan shi ne MAF. Bosch ta fara sa shi a LH-Jetronic a farkon shekarun 1980, Porsche kanta ta sa shi a 928 S4, sannan a 968 wadda ta gaji 944.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne, mai ƙyaure yana auna yawan iska ne ta fuskar girma, sai kwamfuta ta yi gyara da taimakon sensan zafi. Mai zazzafar waya nauyin iskar yake aunawa kai tsaye, kuma nauyin ne ke ƙona fetur. Iskar da ke kan digiri 40 ta fi ta digiri 15 sauƙi da kusan kashi 8 cikin 100. A tudu irin na Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, iska ta ragu da fiye da kashi 10 idan aka kwatanta da bakin teku. MAF yana ganin wannan duka ba tare da an gaya masa ba.

To me ya sa mutane ke sauyawa?

Dalilai uku ne suka fi yawa. Na farko tsufa: bakin hannun nan yana goge layin gawayi har ya yi masa rami, musamman daidai inda mota ta fi zama, wato silo da tafiyar babban titi. Daga nan sai saƙo ya riƙa yankewa, mota ta riƙa fizga. Na biyu, sabon AFM na asali ya yi wuyar samu, waɗanda ke kasuwa yawanci tsofaffi ne ko gyararru. Na uku, ƙyauren yana tsaye a hanyar iska, bakinsa kuma ƙarami ne, kuma yana da iyakar abin da zai iya aunawa. Wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi zai kai matakin da ƙyauren ya buɗe iyakarsa, iska na ci gaba da ƙaruwa, kwamfuta ba ta sani ba.

Zan samu ƙarin ƙarfi?

A 944 mai lita 2.5 wadda ba a taɓa injinta ba, mai ƙarfin doki 163 a ƙirar Turai, kada ka sa rai da wani abin a zo a gani. Porsche ta zaɓi ma'aunin ne daidai da numfashin injin. Abin da masu ita suka fi ji shi ne totur ya yi saurin amsawa, tafiya ta yi santsi. Kuma a gaskiya wani ɓangare na ƙarfin da ake yabon MAF da shi, daga sabon saitin mai da wuta da ke zuwa tare da kayan yake fitowa, ko kuma daga cire ma'aunin da ya riga ya lalace.

A 944 Turbo, wadda ake kira 951, labarin ya bambanta. Ta fito da doki 220, daga baya Turbo S ta 1988 ta zo da 250, kuma injin yana ɗaukar ƙari sosai. Idan aka sa babban turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da manyan nozul, AFM ya zama ƙaidi na gaske: yana takura bakin turbo, yana kuma ƙurewa. A nan sauyin ba ado ba ne, buƙata ce.

Ba zan iya cire wannan in soka wancan kawai ba?

A'a, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan.

Kwamfutar ba ta ganin iska, lantarki kawai take gani. A cikin ƙwaƙwalwarta akwai jadawalin da ke cewa bolt kaza daga ma'auni na nufin iska kaza. An rubuta jadawalin ne don AFM ɗin da motar ta zo da shi. MAF ma yawanci yana ba da lantarki tsakanin sifili da bolt 5, shi ya sa mutane ke ruɗuwa, amma yadda nasa ke hawa ya sha bamban. Bolt 2 a bakin wannan ba shi ne bolt 2 a bakin wancan ba. Kamar ka auna hatsi da tiya ne ka kai wa wanda ya saba da mudu, ka ce masa "goma ne" ba tare da ka faɗi ma'aunin ba. Zai yi lissafinsa daidai, amma sakamakon kuskure ne.

Idan ka haɗa su haka nan, mota tana iya tashi, tana ma iya yin silo. Haɗarin ke nan, domin mutum zai ɗauka aiki ya yi. Sai dai a wani gudun mai zai yi yawa, ta riƙa baƙin hayaƙi tana jiƙa filogi, a wani gudun kuma ya yi ƙaranci. Ƙarancin mai lokacin da aka taka totur har ƙasa shi ne ke sa zafi ya hau, inji ya fara ƙwanƙwasa, gasket ya ƙone ko fistin ya narke. Injin 944 kuma ba irin wanda ake kai wa kowane mai boring ba ne. Silindarsa ta Alusil ce, alminiyam mai haɗe da silikon, ba ta da hannun ƙarfe a ciki, gyaranta aiki ne na musamman mai tsada.

Akwai ƙarin matsala guda: tunda kwamfutar ta saba karɓar awon girma ta gyara shi da zafin iska, idan ka ba ta awon nauyi ta sake gyarawa, an yi gyara sau biyu ke nan. Kayan da aka ƙera da ilimi suna magance wannan a cikin lissafinsu. Saboda haka abin da kake saya idan ka sayi kayan sauyi ba sensa ba ne. Sensa ana samunsa ko'ina. Lissafin da ya dace da injinka kake saya.

Ta wace hanya ake daidaita su?

Hanya mafi daɗewa ita ce a sa ɗan akwatin tafinta tsakanin MAF da kwamfuta, yana karɓar saƙon sabon yana mayar da shi kamar na tsohon. Kamfanin Split Second na Amurka ya yi suna da irin wannan. Amfaninsa ba a taɓa kwamfuta. Rauninsa shi ne, iyakar da tsohon ma'auni ke da ita tana nan a cikin kwamfutar. Haka kuma a Motronic saƙon iska ne ke nuna nauyin da inji ke ɗauke da shi, don haka idan ka murɗa shi don ka gyara mai, ka taɓa lokacin wuta ba da niyya ba.

Hanya ta biyu ita ce a sauya cif ɗin da ke cikin DME, wato ɗan guntun da ke riƙe da jadawalin nan, da wanda aka rubuta wa jadawalin MAF. A ganina wannan ta fi tsafta ga mai son motarsa ta zauna kusa da asali. Kamfanoni irin su Lindsey Racing, Rogue Tuning da Vitesse Racing a Amurka sun yi kayan 944, Miller Performance kuma ya yi wa BMW. Kafin ka biya kuɗi, tabbatar wa mai sayarwa da shekarar motarka da lambar DME. 944 ta kafin tsakiyar 1985 da ta bayanta ba kwamfuta ɗaya suke da ita ba, ma'auninsu ma ba ɗaya ba ne.

Ta uku ita ce a cire kwamfutar gaba ɗaya a sa wadda ake saitawa da laftof, irin su MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka ƙirƙiro, ko Speeduino, Haltech, Link da VEMS. Yawancin masu bin wannan hanya ba sa ma sa MAF. Suna amfani da MAP, ɗan sensa mai auna matsin iska a cikin manifol, kwamfuta ta haɗa shi da gudun inji da zafin iska ta fitar da lissafi. Hanyar iska ta zama a buɗe tas. Sai dai duk abin da injiniyoyin Porsche suka ɓata shekaru suna saitawa, tashin sanyi, silo da na'urar sanyaya mota a kunne, tashi bayan inji ya yi zafi, kai ne za ka sake gina shi daga tushe. Saita cikakken totur ba ya ɗaukar lokaci. Waɗannan ƙananan ne ke cin watanni.

Wane MAF zan saya?

Wanda aka rubuta lissafin dominsa, da lambarsa, ba mai kama da shi ba. Kuma a cikin bututu mai faɗin da aka tsara. Sensan yana ɗanɗana kaɗan ne daga iskar da ke wucewa, sauran kuma lissafi ne bisa faɗin bututun. Idan ka cire shi daga bututu mai milimita 70 ka sa a mai 80, fili ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, zai faɗi ƙasa da abin da ya shiga, mai ya yi ƙaranci.

A kula kuma, ba kowane ne ke magana da bolt ba. Da yawa daga na General Motors da bugun saƙo suke magana, wato saurin bugawar ke nuna yawan iska. Tsohuwar Motronic ba ta jin wannan yare. Sannan jabu ya yi yawa a kasuwa. Na jabu zai iya aiki a motar zamani domin kwamfutarta na gyara kuskure da kanta, amma a tsohuwar kwamfuta babu mai rufa masa asiri. Tsohon Bosch ko Hitachi na asali mai tsafta ya fi sabon da ba a san inda ya fito ba.

Me za a taɓa a wayarin?

Abu uku. AFM ba ya cin wuta sosai, ɗan lantarkin da kwamfuta ke aiko masa ya ishe shi. MAF yana da abin ɗumamawa, don haka yana buƙatar bolt 12 mai zuwa idan an kunna makulli, da fis nasa. Kada a ja wannan daga layin da kwamfuta ke ciyar da sensa, za a iya ƙona ta.

Na biyu, wayar ƙasa ta saƙo ta koma inda kwamfuta ke ɗaukar tata, kada a ɗaure ta a kowane ƙarfe da hannu ya kai. Ɗan bambancin lantarki tsakanin wurare biyu ya isa ya ɓata silo.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: sensan zafin iska yana cikin AFM, ka cire wannan ka cire wancan. Dole a sa wani, kuma irin na Bosch, wanda juriyarsa ga lantarki ke nuna kusan om 2,500 a digiri 20. Na General Motors yana nuna kusan 3,500 a wannan zafin, kwamfuta za ta ɗauka gari ya fi yadda yake sanyi.

Ina roƙon duk mai wannan aiki kada ya yanke wayar mota ta asali. A yi ɗan reshe mai soket a kai da kai, yadda za a iya zare shi a mayar da tsohon cikin minti kaɗan.

Ina ya kamata a ɗaura shi?

Bayan matatar iska, a inda bututu ya miƙe. MAF yana son iska mai tafiya a natse. Idan ka sa shi daf da gwiwar bututu, iskar za ta taru a gefe ɗaya, awon ya riƙa rawa. Ragar da ke bakin wasu an sa ta ne don ta daidaita iska, kada a fasa ta da sunan buɗe hanya. Akwai kibiya a jikinsa da ke nuna inda iska ta nufa. Ko juya shi a cikin bututu yana iya sauya awo kaɗan, don haka da zarar an gama saiti a bar shi yadda yake.

Matatar kuma kada a bar ta tana shaƙar zafin lagireto da salansa. Mutum ya kashe kuɗi don ƙarin iska, sannan ya ciyar da inji iska mai zafi, ya yi tufka da warwara.

Na sauya, amma idan na taka totur da sauri mota tana shaƙewa kafin ta ɗauka. Me ya faru?

Wannan sananne ne, kuma dalilinsa yana da ban sha'awa. Idan ka taka totur farat ɗaya, ƙyauren AFM yakan yi tsalle ya wuce inda ya kamata ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya dawo. Wannan wuce gona da iri yana sa kwamfuta ta ƙara mai daidai lokacin da inji ke buƙatarsa, kuma an yi saitin asali ne da sanin haka. MAF ba ya wannan tsalle, don haka ƙarin man ya ɓace. A 944 marar turbo abin ya fi fitowa, domin abin da ke jikin totur ɗinta makunni ne kawai mai sanin rufe da cikakken buɗe, ba ya faɗin saurin da ƙafa ta sauka. Maganin yana cikin saiti: a ƙara man karɓar totur a cif ko akwatin tafinta, ko a sa sensan totur mai bin kowane motsi idan kwamfutar za ta iya karanta shi. Ƙara mai ko'ina don rufe wannan rami ba gyara ba ne, shan mai ne kawai zai ƙaru.

Akwai abin da ya keɓanta da mai turbo?

Akwai. A 951 akwai bawul da ke mayar da iskar da turbo ya tara zuwa bakinsa idan ka ɗaga ƙafa. Wasu na sauya shi da mai fesar da iskar waje don su ji ƙarar nan. Idan ma'auni na gaban turbo, wannan iska an riga an auna ta, kwamfuta ta zuba mata mai, ita kuma ta gudu. Sakamakon shi ne mai ya yi yawa duk lokacin canja giya, wani lokaci mota ta mutu a mahaɗar hanya. A bar bawul ɗin yana mayarwa ciki, kuma bakin mayarwar ya kalli turbo, nesa da sensa, domin iskar da ta koma baya ta taɓa wayar ana ƙirga ta kamar sabuwa. Haka duk wata ɓula a bututun da ke tsakanin turbo da inji asarar iskar da aka auna ce.

Yaya zan tabbatar saitin ya yi daidai?

Da ma'aunin haɗin mai da iska mai faɗin zango, wanda ake ɗaura sensansa a salansa, agogonsa kuma a gaban direba. Sensan oksijin na asali, a motocin da ke da shi, yana faɗin sama ko ƙasa da 14.7 ne kawai, kuma kwamfuta ba ta sauraronsa idan an taka totur har ƙasa, wato daidai inda haɗari yake. A silo da tafiya a natse ana son ganin kusan 14.7. A cikakken totur, inji marar turbo yana son wajen 12.5 zuwa 13, mai turbo kuma wajen 11.5 zuwa 12. Idan ka ga lambar na hawa 14 alhali ƙafarka na ƙasa, ɗaga ta nan take.

A sa wannan agogo tun kafin a cire AFM, a yi yawo da shi a rubuta abin da ya nuna. Ta haka ne kawai za ka san ko ka ci gaba ko ka koma baya. Wanda kuɗinsa bai kai ga sayen wannan ba, kuɗinsa bai kai ga sauya ma'auni ba tukuna. Gwajin cikakken totur kuma a yi shi a kan na'urar gwada ƙarfin inji ko filin tsere, ba a titin da jama'a ke bi ba.

Motata tana fizga. Tabbas AFM ne?

Ba lallai ba. A 944 akwai waɗanda ake fara tuhuma kafin shi: rilen DME da ke yawan tsagewa a ciki, sensa biyu da ke bayan inji masu karanta juyin filawil, baƙin bututun roba da ke tsakanin ma'auni da totur wanda ke tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani, sensan zafin ruwa, da matsin famfon mai. MAF ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu, hasali ma ɓular iska ta fi damunsa.

Gwada AFM ba shi da wuya. A kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a sa mita a wayar saƙo, a tura ƙyauren da yatsa a hankali daga rufe zuwa buɗe. Lantarki ya riƙa hawa sumul. Idan ya faɗi ko ya yi tsalle a wani wuri, layin ya cinye a nan. Mita mai allura ta fi mai lambobi nuna wannan. A auna bolt, kada a auna om, domin om yana tsalle ko a lafiyayyen ma'auni.

Idan ya cinye, sau da yawa ana ceto shi. A yanke gam ɗin murfin a hankali. Za ka ga siraran layuka biyu masu sheƙi a kan baƙin gawayi, inda bakin hannun ya shekara yana bi. A ɗan gusar da bakin ya hau sabon wuri da bai taɓa gogewa ba, a goge da abin wanke kayan lantarki, a sake gwadawa, a rufe da gam. Abu ɗaya ne kada a taɓa: baƙar ƙafa mai haƙora da ke riƙe da sifirin. A masana'anta aka saita ta, kuma wanda ya murɗa ta bai sa alama ba ya ɓata lissafin motar duka.

A ƙasa mai ƙura da zafi, wanne ya fi juriya?

A nan tsohon yana da abin faɗa. Ƙura kaɗan ba ta hana ƙyaure buɗewa, amma ita zazzafar waya da zarar datti ya lulluɓe ta, iska ba ta sanyaya ta yadda ya kamata, sai ta faɗi ƙasa da gaskiya, mai ya ragu. Shi ya sa tsofaffin Bosch masu waya ke ƙona ta zuwa kusan digiri 1,000 na daƙiƙa guda bayan an kashe mota. Masu falle na baya ba sa yin haka. Wanda zai yi yawo da irin wannan mota a lokacin hunturu a Kano ko Damagaram ya riƙe matatar takarda mai kyau a cikin rufaffen akwati, ya riƙa sauya ta da wuri. Matatar auduga da ake shafa wa mai, idan man ya yi yawa, yana bin iska ya manne a sensa, ƙura ta same shi a nan. Wankewa sai da feshin da aka yi don MAF, ba da fetur ko feshin kafireto ba, kuma kada a taɓa wayar da komai.

Doka fa, da darajar motar?

Ya danganta da inda motar take. A Kalifoniya, motocin da aka ƙera daga 1976 zuwa sama suna zuwa gwajin hayaƙi, kuma kayan da suka taɓa tsarin mai sai suna da lambar amincewar CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar. A Jamus, motar da ta kai shekara 30 tana iya samun lamba mai harafin H ta motocin tarihi, amma sharaɗin shi ne ta kasance kusa da asalinta, don haka a tuntuɓi masu duba mota kafin a fara. Game da daraja kuwa, masu sayen tsofaffin Porsche sun fi biyan kuɗi a kan wadda ba a taɓa ba. A ajiye AFM da akwatin matata da cif na asali a wuri busasshe.

Wannan bayani ya shafi wasu motocin?

Ya shafi Porsche 911 Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989, BMW E30, Alfa Romeo GTV6, Datsun 280Z da Mazda MX-5 ta farko mai lita 1.6. Sai dai kowace da halinta. A MX-5 da wasu Toyota, makunnin famfon mai yana cikin AFM, idan ka cire shi mota za ta tashi ta mutu har sai an yi wa famfon wata hanya, kuma hanyar ta kasance mai kashe famfo idan inji ya tsaya, saboda gobara a lokacin haɗari. A wasu motocin Japan lantarkin ma'auni sauka yake yi idan iska ta ƙaru. Tsohuwar L-Jetronic kuwa ba ta da cif da za a sake rubutawa, don haka masu 280Z da GTV6 yawanci sabuwar kwamfuta suke sawa. Mitsubishi Starion da Toyota Supra mai turbo ta ƙarshen shekarun 1980 wani irin ma'auni ne daban gare su, mai ƙirga guguwar iska, nasu aikin ba irin wannan ba ne.

Idan motarka ce, me za ka yi?

Idan 944 ce marar turbo, injinta na asali, AFM ɗinta kuma ya ci gwaji ko ya gyaru, zan bar shi, in kashe kuɗin a kan bel ɗin taimin da na sandunan daidaita inji, domin idan bel ɗin taimin ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. Idan ma'aunin ya mutu kuma ban samu mai kyau ba, zan sayi cikakken kayan MAF mai cif ɗin da aka rubuta wa shekarar motata. Idan 951 ce da na sa wa babban turbo da manyan nozul, zan tafi ga MAF mai cif ko sabuwar kwamfuta mai MAP, gwargwadon wanne ne mai saitin da ke kusa da ni ya iya da hannunsa. A dukkan ukun, agogon haɗin mai da iska ne zai fara shiga motar kafin in kwance ko sukuru ɗaya.